Tiyar Kakata

An ɗauke wuta a unguwarmu tun magariba.
Na baje kaye a kan tabarma, tocila a tsakanin haƙora,
jarrabawa saura kwana tara.
Mushe Mijinyawa ya ce ba makawa tambayar za ta fito:
a bambanta sarautar da ke da wuƙa da nama
da wadda kundin tsarin mulki ya yi wa dabaibayi.

Ina ta nanatawa da Faransanci kamar aku,
kalmomin na shiga ta nan, su fice ta can.
Kakata Tsahara na gefe tana ƙirga cinikin yini,
tana ƙullewa a bakin zane.
Shekara arba'in ke nan tana awon hatsi a kasuwar Tawa.
Ta ce, "Habsu, wannan gunaguni, da wa kike faɗa?"

Na ce, sarakuna ne iri biyu, Kaka.
Na farko, bakinsa ne doka.
In ya kwana da ciwon haƙori, gari ya tashi da sabon haraji.
Ya ɗaure, ya saki, ba mai cewa don me.
Na biyu ma yana da rawani,
ana faɗuwa a gaishe shi,
sai dai akwai takarda da ta girme shi.
Kuɗin jama'a, sai wakilai sun zauna sun yarda.
Alƙali na iya ce masa a'a,
ya koma gida ya yi barcinsa har da minshari.

Ta yi shiru, ta tofar da tuƙar goro.
Ta jawo tiyarta ta ƙarfe,
wadda bakinta ya sha hannu har yana sheƙi.

"Ina yarinya, a ƙauyenmu can wajen Keita,
akwai wani Ɗan Baro,
shi kaɗai ya rage da rumbu bayan fari.
Ba ya awo da komai sai tafin hannunsa.
Ran da ya tashi da fara'a, hannun ya buɗe kamar faifai.
Ran da akuyarsa ta ɓata, ya tsuke kamar ludayi,
kuɗin kuwa ɗaya ne.
Uwata kan hango fuskarsa tun daga bakin rijiya
kafin ta san tuwo za mu kwana da shi ko kunu.
Ba mugu ba ne fa, ya sha yi mana gyara.
Amma a ce mutum ya kwana yana addu'a
kada akuyar wani ta ɓata?

"Wannan kuwa," ta ƙwanƙwasa tiyar da farce,
"ko jiya muka yi faɗa da ke,
ko ke ce ƴar ɗana ta cikina,
cikinta ɗaya ne.
Ni ke zaune a rumfa, ni ake gaisarwa,
ni ke riƙe da ita,
amma ita ke riƙe da ni."

Na ɗauki biro da sauri, ta dafe mini hannu.
"Tsaya, ban kai aya ba.
Kin san Ta-Alla ta layin bayanmu?
Ita ma tiya gare ta.
Da dare take kife ta, ta bubbuge gindin da taɓarya
har ciki ya taso, ya cinye tafi guda.
Daga waje, tiya ce sak.
To, ki tambayi mushen naku:
takardar nan da ta girme sarki,
wa ke juya ta ya duba gindinta?"

Wuta ta dawo, firijin maƙwabta ya yi tari.
Kaka ta kife tiya a kan ragowar gero, ta yi hamma, ta shige ɗaki.
Na rubuta amsata tsaf, yadda Mushe ke so,
sannan na bar layi uku a ƙasa babu komai.